Bel mai adon ɗinkin hannu: me ya sa yake yagewa daga wurin adon?

"Assalamu alaikum Malam. Ni ɗan wani ƙauye ne a ƙasar Ringim, sana'ata gyaran takalmi a bakin kasuwa. Bara na fara yin bel na fata ina yi masa ado da zare mai launi, irin wanda nake gani a hotuna a Facebook. Samari suna so, har ana ba ni aiki tun kafin in gama na hannuna. Matsalar ita ce bayan wata uku ko huɗu sai a dawo mini da shi. Wani zaren ne ya tsinke adon ya warware, wani bel ɗin ya lanƙwashe ya ƙi miƙewa, wani kuma fatar ce ta yage daidai inda na fi cika ado. Na bar zaren auduga na koma na roba, abin bai canza ba. Shin zaren ne ba shi da kyau, ko hannuna ne, ko sai na sayi keken ɗinki?"

Wa'alaikumus salam, ƙanena. Allah ya yi wa sana'a albarka. In na fahimce ka, abu uku kake kuka da su: zare yana tsinkewa ado ya zube, bel yana lanƙwashewa, fata tana yagewa a inda adon ya fi yawa. Kai kana zargin zare, kana kuma ganin keke zai raba ka da wahala. To zaren yana da nasa laifin, za mu zo kansa, amma ba shi ne babban mai laifi ba. Keke kuwa ajiye maganarsa tukuna, ba abin da zai ƙara maka yanzu sai saurin ɓata fata. Daga yadda ka kwatanta, fata ɗaya ka ɗora wa aiki biyu: ita ke riƙe wando a ƙugu, ita kuma ka huhhuda ka zuba wa ado. Fatar da za ta sha ja daban ce, wadda za ta ɗauki ado daban, ɗinkin da ke haɗa su ma ba ɗaya yake da ɗinkin ƙawa ba.

Yadda dukawan zamanin da suka yi

Bel mai kan ƙarfe baƙo ne a dukancinmu. Kakanninmu da zariya suke ɗaure wando, abin da baduku ke yi wa ƙugu kuwa sai ɗamara da guru. Amma ita matsalar ba baƙuwa ba ce, domin kayan doki ma ja suke sha, ga gumi ga rana, kuma ba abin da ake ƙawatawa kamar su. In Allah ya kai mu salla ka je kallon hawa a Ringim ko Gumel ko Haɗeja, ka matsa kusa da dokin da ke ɗauke da tsohon aikin hannu, ka roƙi mai kula da shi ya bar ka ka juya majayi, wato ɗamarar sirdi, ka duba bayansa. Za ka tarar adon yana kan siririyar fatar akuya, ja ko kore ko rawaya, an gama shi tun kafin a ɗora. Abin da ke ƙarƙashi mai kauri ne, kuma basilla ba ta taɓa shi ba sai a gefe-gefe.

Wannan fatar akuya, musamman ta jar akuyar Sakkwato, ita ce a zamanin da ayari ke ƙetare Sahara da ita har ta yi suna a Turai a matsayin fatar Maroko. Baturen nan Barth da ya zo Kano a 1851 ya rubuta yawan takalman da ake ɗinkawa a birnin ana kai su nesa. Abin da ya sa ta yi fice shi ne fuskarta a matse take, tana karɓar rini, tana karɓar allura ba ta tsage ba. Sai dai kaurinta bai fi milimita 1 ko ɗan sama da haka ba, kuma tana miƙewa in an ja ta. Ta dace da fuskar bel, ba ta dace da jikinsa ba.

Fatar da za ka saya, da inda za ka yanka

Don jikin bel ƙirgi kake so, fatar sa ko saniya da aka jeme, mai kaurin milimita 3 zuwa 4. Na san ta yi tsada. Masu ganda suna rige majema saye, fatar shanu da yawa a tukunya take ƙarewa. In ba ka da majemi a kusa da kai, ka shiga Kano, wajen Ƙofar Wambai ko kasuwar Kurmi, kuma kada ka biya sai ka yi gwaji biyu. Ka yanki ɗan gefe da aska ka dubi tsakiyar kaurin. In launin bagaruwar da aka jeme ta da ita ya ratsa daga sama har ƙasa, ta jemu. In ka ga wani farin layi mai tauri kwance a tsakiya, an yi gaggawar cire ta daga ruwan jima, cikinta ɗanye ne, kuma hunturu ɗaya ya isa ya busar da shi ya karye. Sannan ka ninka ta, fuskar tana waje, ka matse. Fatar da ta nuna ƙananan tsage a wurin ninkin ba za ta jure kan bel ba.

Akwai kuma fatar kamfani, irin ta masana'antun Challawa da Sharaɗa, wadda ake jemewa da sinadari. Za ka gane ta in ka yanka, cikinta shuɗi-shuɗi ne mai toka-toka. Tana da laushi, ba ta tsoron ruwa, amma tana miƙewa, ba ta riƙe layin da ka danna mata, bakinta kuma ba ya goguwa ya yi sulɓi. Ni ina amfani da ita a fuska ko a shafin ciki, ba na ɗora mata nauyin bel.

Inda ka yanko a jikin fatar yana da muhimmanci kamar irin fatar. Ka shimfiɗa ƙirgi, ka nemo layin gadon baya, ka yanki bel ɗinka a tsaye yana bin wannan layi, daga wajen wutsiya zuwa kafaɗa. A nan naman fatar ya fi matsewa. Wajen ciki da hammata sakwa-sakwa ne, ka ja da hannu ma za ka ji yana biyo ka. Wanda ya yanka a karkace, gefe ɗaya na bel ɗin ya fito daga baya, ɗayan ya kusanci ciki, to gefe ɗaya zai fi ɗaya miƙewa, kuma ga lanƙwasarka nan tun ba a sa allura ba.

Huda ita ce maganar

Nan nake so ka tsaya ka natsu. Kowane ɗinki rami biyu ne a jikin fata, kuma fata ba yadi ba ce da zarenta zai matsa gefe ya ba allura hanya ya dawo. Abin da ka huda ya hudu har abada. Ka dubi littafin rasit: layin ƙananan ramukan nan da ke kusa da gindi an yi shi ne don takardar ta yage daidai wurin ba tare da almakashi ba. Duk lokacin da ka jera ramuka kusa da juna daga wannan gefen bel zuwa wancan, abin da ka yi ke nan. Mai bel ya ci ya ƙoshi, ya sunkuya ya ɗauki buhu, ya hau babur, fatar tana shan ja ta tsawonta, ramukan suna buɗewa suna neman juna har su haɗe. Shi ya sa inda ka fi cika ado nan ya fara yagewa. Zaren roba da ka koma ya ƙara wa abin gudu ne kawai, don ya fi fatar ƙarfi, maimakon shi ya tsinke sai ya yanka ta.

Saboda haka a jikin ƙirgi layin ɗinki yana bin tsawon bel ne, ba ya ratsa faɗinsa. Ko a wurin da ka ninka fata ka riƙe kan bel, inda kowa ke son ya yi layi ɗaya a gicciye ya huta, kada ka yi. Ka yi gajerun layuka biyu a gefe da gefe suna bin tsawo. Tazarar rami da rami ta kai milimita 4, wato kamar ɗinki 6 ko 7 a inci ɗaya, tazarar layi da bakin fata ita ma kamar haka. Don auna wannan ba sai ka sayi kayan waje ba. Kamfas irin na ɗaliban lissafi ya isa: ka buɗe shi milimita 4, ƙafa ɗaya tana bin bakin fata, ɗayar tana ja maka layi, sannan ka bi layin kana taka shi kana barin ɗigo.

Ita basillar ma ka dube ta. Yawancin masu gyaran takalmi zagayayya suke riƙewa, ko su ɗauki abin huda ramin kan bel, wanda ke cire ɗan guntun fata gaba ɗaya. Wannan na biyun shi ne mafi muni, ramin da ya bari ba ya rufewa. Abin da kake so basilla ce mai baki kamar ƙaramin mashi, faffaɗa kaɗan, gefenta biyu da kaifi. Maƙeri zai buga maka, kai kuma ka wasa ta a dutse har ta riƙa shiga ƙirgi ba tare da ka yi nishi ba. Tsaga take yi, tsagar kuma tana komawa ta rungumi zare. Ka karkata bakinta yadda kowace tsaga za ta kwanta a jirkice, duka suna fuskantar gefe ɗaya. In ka bar su a miƙe suna bin layi, kan wannan yana duban wutsiyar waccan, da kanka ka fara yi wa fatar yanka. Ka kuma goge tsatsa daga jikinta kafin ka taɓa fata mai danshi. Ƙarfe da bagaruwa in suka haɗu da ruwa baƙi suke bayarwa, ta haka ne ma ake samun kuloko da dukawa ke rina baƙar fata da shi, to basilla mai tsatsa za ta bar maka baƙin zobe a bakin kowane rami.

Allura biyu, zare ɗaya

Tunda gyaran takalmi ka fito, ina kyautata zaton da basilla mai ƙugiya kake ɗinki: ka soka, ka maƙalo zaren ƙasa, ka jawo madauki, ka zura. Wannan ɗinki iri ɗaya ne da na keke. Zaren sama yana sama, na ƙasa yana ƙasa, suna sarƙe juna ne kawai a cikin rami. Wuri ɗaya ya tsinke, ka ja, sai ya bi layi yana zarewa. A tafin takalmi ba laifi, don gam yana taimakawa kuma zaren a ɓoye yake. A bel kuwa, da madaukan wando ke gogarsa safe da yamma, ba ya daɗewa. Ka ga ke nan keken da kake son saye irin ɗinkin da ke ba ka matsala zai yi maka, da sauri kawai.

Ɗinkin da ke riƙe bel shi ne na allura biyu. Ka yanki zare, ka sa allura a kowane kai, ka dakushe tsininsu a dutse don kada su soki zaren juna ko su buɗe sabon rami. Ka matse aikin tsakanin katako biyu a gwiwoyinka don hannayenka biyu su samu sake. Ka zura zaren a ramin farko ka daidaita tsawonsa hagu da dama. Daga nan kowane rami allura biyun duk za su ratsa shi, ta hagu ta fita dama, ta dama ta fita hagu, ka ja su tare. Kullum allurar gefe ɗaya ce ke fara shiga, ta biyun kuma kullum ta bi ta gefe ɗaya na zaren farko, ko dai bayansa ko gabansa, kada ka sauya a tsakiya. Wannan rashin sauyawa shi ke sa ɗinkin ya kwanta a jere, a ɗan jirkice, har mutum ya ɗauka ado ne alhali riƙo ne. In zare ɗaya ya tsinke a wani wuri, ɗan'uwansa yana nan cikin ramin yana riƙe. Ƙarshen layi ba a ƙulla shi. Ka koma baya rami uku, ka yanke, in na roba ne ka ɗan taɓa kan da wutar ashana ka danne.

Zaren yakan ci kamar ninki huɗu na tsawon layin da za ka ɗinka, amma kada ka yanki fiye da gaba guda da rabi a lokaci guda (gaba ita ce tsawon hannu biyu a buɗe). Dogon zare yana shan gogar ramuka da yawa, kafin ka kai ƙarshe ya yi gashi ya yi datti.

Game da irin zaren: na auduga, irin na teloli, gumi yana ruɓar da shi. Na roba mai santsi, irin na masu saƙa raga, yana miƙewa, yana zamewa, yana yanka fata. Ka nemi kitsattsen zaren roba mai ɗan faɗi, wanda ake sayarwa a wajen masu kayan takalmi, kaurinsa kusa da milimita 1 ko ƙasa kaɗan. Kowane ka samu, ka ja shi a kan dunƙulen kakin zuma sau biyu ko uku kafin ka fara. Kakin yana kwantar da gashinsa, yana hana gumi shiga, yana kuma sa shi ya kama cikin rami. Kafin huda, ka ɗan jiƙa fuskar fatar bagaruwa ka danna layin da bakin ƙashi mai sulɓi har ya yi kwari, don zaren ya kwanta ciki, madaukin wando ya riƙa wucewa ta kansa. Bayan ka gama ka bi layin da guduma mai santsin fuska kana bubbugawa a hankali.

Shi adon kansa

Yanzu ga tsarin aikin. Ka yanki fuskar bel daga fatar akuya, ta ɗan fi ƙirgin faɗi. A kanta ita kaɗai za ka yi duk abin da ranka ke so: sarƙa, hawa da sauka, ƙananan murabba'ai a jirkice, launi biyu ko uku. A nan ramuka za su iya matsowa kusa, don ba ita ke ɗaukar ja ba. Amma kada tsallen zare ɗaya ya wuce rabin santimita a fili, in ya fi haka wani abu zai maƙale shi. Kada kuma ka ja zaren ado da ƙarfi. Fatar akuya in ta ji matsi tattarewa take yi, in ka manna ta a haka sai ta ja ƙirgin ya karkata. Wannan shi ne dalili na biyu na lanƙwasa, na ukun kuma ɗinka gefe ɗaya da ƙarfin safiya, ɗaya gefen da gajiyar yamma.

Samari za su ce maka dagi suke so. Dagi da zare a faɗin santimita 4 ramuka ne birjik a wuri ɗaya, kuma ba ya fita da kyau. Gara ka bi hanyar dukawa: ka zana shi a fuskar, ka yanke cikinsa da aska mai tsini, ka shimfiɗa fata mai wani launi a ƙarƙashi ta leƙo, sannan ka zagaye bakin da ɗinki ɗaya siriri. Wani adon ma da siririn zaren fata ake yin sa, a sare fatar akuya kamar igiya a riƙa zura ta, kuma ya fi zaren launi jure gogayya nesa ba kusa ba.

Wuri uku ka bar su ba ado ko kaɗan: inda fata ta ninku a kan bel, tsawon da ramukan ɗauri suke, da tsakiyar baya inda madaukin wando ke karya bel in mutum ya zauna. Ka kuma kula da jar fata. Rinin karan dafi yana sakin launi in ya sha gumi, farin zare ya koma ruwan hoda, in an yi rashin sa'a farar shaddar mai bel ma ta samu rabonta. Ka goga jiƙaƙƙen farin ƙyalle a kai kafin ka fara. In ya ɗauko ja, ka goge fatar sosai ka shafa mata kaki, ko ka zaɓi zare mai duhu.

Da ado ya kammala sai ka shafa gam a bayan fuskar da kan ƙirgin. Kada ka manna su a miƙe a kan benci. Ka ɗora ƙirgin a jikin turmi ko durom yadda zai ɗan zagaya kamar yana ƙugu, sannan ka kwantar da fuskar a kai, don in an ɗaura kada ta waje ta ɗame ta ciki ta yi tattara. Ka datse abin da ya yi saura a gefe, ka yi ɗinkin allura biyu a baki biyun, ka goge bakin da ɗan ruwa da katako mai sulɓi har ya yi ƙyalli. Man kaɗanya kaɗan a tsumma ya isa shafawa. Baƙin mai na inji da wasu ke sawa yana lalata fata.

Abin da wannan ba zai gyara ba

Ban riƙe bel ɗin naka a hannu ba, bayaninka na bi, kuma duk abin da na faɗa a kan fatar gaske ne. In cikin abin da kake saye akwai ledar nan mai kama da fata, mai yadi a bayanta, ba ɗinkin da zai hana ta ɓarewa. Waɗanda aka dawo maka da su a yage ba su da gyaran da zai mayar da su bel, sai dai ka yanka wuraren da suka tsira ka yi maƙalin mabuɗi ko madaurin agogo. Waɗanda zare kawai ya tsinke za ka iya ceto su: ka zare tsohon, ka manna sabon ƙirgi a baya, tsohon bel ɗin ya zama fuska.

Sai maganar kuɗi, wadda na san tana ranka. Bel mai tsawon santimita 110, baki biyu, a tazarar milimita 4, rami 550 ke nan kafin a zo ga ado, kowanne allura biyu za su ratsa shi. Ba za ka iya sayar da wannan a farashin bel ɗin da ake zubawa a faranti a kasuwar Gujungu ba, kuma kada ka gwada. Araha ba ta ado. Ka yi iri biyu: mai ƙirgi zalla da layin ɗinki ɗaya mai launi a kowane gefe don mai ƙaramin ƙarfi, da mai fuskar akuya don ango da mai son a gani. Na farkon da ka gama a sabon tsarin kada ka sayar. Ka ba wani ɗan'uwanka mai noma ko mai acaɓa ya ɗaura tun daga shuka har girbi, sannan ka karɓa ka duba wurin ninkin kan bel, da ramin da ya fi ɗaurawa, da tsakiyar baya. In ka ga tsaga tana buɗewa a ɗaya daga cikinsu, ka ƙara tazarar ramukanka da milimita 1 a na gaba.